Hoton Mai Gyaran Rediyo

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Inna? A ce mata ta rage hawa benen nan.

Aikin hoton da na gaya miki, na shahararren mawaƙin nan, ya kankama. Ba mawaƙin nake ɗauka ba, masoyansa nake bi, za a baje hotunan a zauren nuni wata mai zuwa. Na samu wani mai gyaran rediyo, ana ce masa Amshi. Shagonsa ko tabarma ba zai ci ba, amma kaset ɗin mawaƙin nan sun kai har rufi. Shekara ashirin da biyu bai taɓa fashin wasansa ba, shi kuwa gogan ko sunansa bai sani ba. Na tsokane shi da haka, ya yi dariya ya ce ai ba don a san shi yake yi ba. Ranar Asabar da la'asar akwai wasa a filin ƙwallo, tare za mu.

Ƙaninki,
Mai Hoto

Yaya,

Ina gaishe ki, da fatan kowa lafiya. Ki yi haƙuri da shiruna.

Amshi ya rasu. Ranar wasan, ƙofa ɗaya aka buɗe a filin, jama'a suka danno daga baya, suka matse na gaba da shingen ƙarfe. Ni ina ta ciki, gefen dandamali. Na hango shi ya ɗaga kai sama, baki buɗe, hawaye na zuba, hannu ɗaya a miƙe wajena. Na zaci waƙa ce ta ratsa shi. Yaya, sau shida na danna kyamara. Ashe numfashi yake nema.

Masu nunin sun ce duk aikina babu kamar wannan hoton, za su buga shi babba a bakin ƙofa. Na ce su cire sunana gaba ɗaya, na kwaso kayana.

Da na je ta'aziyya, matarsa ta ji cewa na ɗauke shi ranar, ta roƙa in nuna mata. Ta daɗe tana kallo, ta goge gilashin kyamarar da bakin mayafinta, ta ce alhamdu lillahi, cikin farin ciki ya tafi. Sai ta tambaye ni wace waƙa yake rerawa. Na kama sunan wata na faɗa. Ta ce ai kuwa ita ya fi so, in wanke mata hoton ta rataye a ɗaki.

Na wanke, ga shi nan cikin ambulan a kan teburina. Gobe zan kai. Ki sa ni a addu'a, don ban san da wane ido zan miƙa mata ba.

A gaida mutan gidan.

Ƙaninki,
Mai Hoto