Kwazazzabon Bayan Maƙabarta

Litinin, 13 ga Mayu, 2024

Na gama kafa turaka a kwazazzabo na ƙarshe cikin waɗanda zan bi a daminar bana. Wannan na ƙauyenmu ne, can gaba da Darki. Ba don garinmu ba ne na zaɓe shi. A hotunan tauraron ɗan'adam shi ya fi sauran saurin cin ƙasa, Farfesa Muhyiddeen da ke duba aikin digirina ma shi ya fara nunawa da biro. Ban gaya masa daga nan nake ba.

Aikin ba wuya. A kafa turke nesa da baki, a auna tsakaninsu, bayan kowane ruwa a dawo a sake aunawa. Ma'aunin ruwan sama yana makarantar firamare, hedimasta zai riƙa karanta mini.

Da muna yara tsallake ramin nan muke yi mu tafi gona. Yanzu raƙumi zai tsaya a ciki ba a hango shi ba. Kansa ya miƙe wajen maƙabarta.

Na biya wurin Inna. Ta ce na rame.

Juma'a, 17 ga Mayu

Ranar kasuwa. Motocin shanu sun toshe gada, na makara ajin da nake koyarwa. Zafi kawai, ko alamar hadari babu.

Laraba, 5 ga Yuni

Ruwan farko na kirki, jiya da la'asar. Bai jima ba, amma ya zuba da yawa. Abin da nake gani ke nan a bayanan shekarun baya: ruwan shekara bai ragu can ba, yadda yake sauka ne ya canja. Wanda ya kamata ya rabu a mako sai ya sauko a yini guda, ƙasa ba ta samu ta sha ba, ya kwashe ta ya wuce.

Bakin ya matsa kusan kamu biyu. Ina cikin awo Yaya Ja'afaru ya zo wucewa daga gona, fartanya a kafaɗa. Bayan gaisuwa ya tsaya yana kallon tef ɗin da nake awo da shi.

"Suwaiba, kin san kabarin Baba a layin nan na gabas yake?"

Na ce na sani. A gaskiya na san yana gabas, ban san wanne ba ne. Ranar da aka kai shi muna gida, kamar kowace mace.

"To in kin gama aunawa sai me?"

Na ce sai in rubuta. Ya gyara fartanyarsa ya tafi.

Lahadi, 23 ga Yuni

Na yi lissafi sau da dama, amsar ɗaya ce. Idan Agusta ta zo da ruwa irin na bara, kwazazzabon zai taɓa layin gabas kafin kaka.

Yau na kai maganar zauren Baffa Isyaku, ƙanin Baba, shi ne mai unguwa. Ya kira Liman. Na zauna a bakin ƙofa, na juya musu kwamfuta, hoton shekaru goma da suka wuce da na yanzu. Baffa ya daɗe yana kallo. Ya gane darbejiyar da ta faɗa ciki bara waccan, ya sa yatsa a kanta.

Na ce shawarata a ɗebe na layin gabas a mayar da su kan tudu tun ƙasa ba ta jiƙe sosai ba.

Liman ya ce in lalura ta tabbata, shari'a ba ta hana ba. Sai ya tambaye ni, "Malama, kin tabbata zai kai?"

Na ce tabbas sai Allah. Na ce a ganina cikin kashi uku, biyu zai kai.

Baffa ya ce, "'Yata, a kan kashi biyu zan ce wa mutane su tone iyayensu? In muka tone, ruwa bai zo ba fa?"

Tambaya ce mai kyau. An tsaya a kan buhunan yashi da dashen ciyawar jema a bakin ramin, saiwarta na riƙe ƙasa. Ni na kawo zancen jemar. Na kuma ce sai ta yi damina biyu kafin ta kama sosai, ban sani ba ko an ji wannan.

Talata, 9 ga Yuli

Kwana da kwanaki ba ruwa. Gero ya fara nannaɗe ganye, an fita roƙon ruwa. Turaka suna nan yadda na bar su.

Asabar, 27 ga Yuli

Ruwa ya dawo da ƙarfinsa. An yi aikin gayya, samarin gari sun jera buhuna, an dasa jemar da na samo. Yaya ne a gaba, laka har gwiwa. Sai da za a tashi ya ce mini Inna na nemana.

Inna ba ta yi zancen rami ba. Ta zuba mini fura, ta ce Baba ba ya son sanyi, ko da bazara sai ya rufe ƙafarsa. Shi ke nan abin da ta ce.

Bakin ya ci wani kamu uku. Layin hasashen da na zana a watan jiya yana tafiya daidai. Farfesa ya ji daɗi.

Alhamis, 15 ga Agusta

Tun asuba ake ruwa kamar da bakin ƙwarya, bai tsagaita ba sai hantsi. Hedimasta ya bugo waya ya ce ma'aunin ya cika ya tumbatsa, ba abin da zai karanta. Sannan ya ce gara in zo.

Mota ba ta shiga ba, na ƙarasa a acaɓa, sauran da ƙafa. Buhunan sun tafi, jemar ta tafi. Gefen maƙabarta ya zame gaba ɗaya ya rufta ciki. Daga tsallake na tsaya. Ana ganin itatuwan da ake jerawa a kan kabari sun fito a jikin gaɓa, wasu na reto. Da abin da ke ƙarƙashinsu.

Na yi abin da na zo yi. Na nemi turakun da suka rage, na auna, na ɗauki hotuna ta kowane ɓangare.

Maza na cikin ramin da tabarmi. Yaya ya hango ni, ya hauro ta gefena. Na zaci faɗa zai yi. Ya tsaya kusa da ni yana haki, sai ya miƙa hannu.

"Ga shi can. Na uku daga kuka. Rabinsa ne ya buɗe."

Na kalla. A hoton da na ɗauka yanzun nan, shi ne a tsakiya.

Juma'a, 16 ga Agusta

An sayo sababbin likkafani. Waɗanda aka samu an mayar da su kan tudu kafin masallaci, har da sauran layin da ruwa bai taɓa ba. Ba duka aka samu ba. Gidan Malam Nu'uman sun bi ramin har inda ya haɗu da ƙorama, ba su ga mahaifiyarsu ba.

Baba an same shi cif. Yaya da kansa ya ɗauke shi.

Muna tsakar gida da Inna, mata na shigowa kamar sabuwar rasuwa. Baffa ya leƙo da yamma, ya tsaya a soro ya aiko a kira ni. Ya ce, "Kin faɗa." Na ce Baffa, kashi ɗayan nan ma da zai iya zuwa. Ya girgiza kai. Ban san ko ta'aziyya na yi masa ba ko gyaran lissafi.

Litinin, 2 ga Satumba

Na koma aiki. Ɗalibai, jarrabawa, janareta ya lalace.

Farfesa ya karanta babi na huɗu, ya ce hasashen ya fito fiye da yadda ya zata, a taron da za a yi a Abuja da shi za mu buɗe. Hedimasta ya riga ya ba shi labarin maƙabartar, ba tare da sunaye ba. Ya ce irin wannan ne ke sa masu iko su saurara, hoto ɗaya ya fi musu shafi ashirin na alƙaluma. Gaskiyarsa. Watakila ma ya sa a gina wa garin magudanar ruwa.

Ya ce in turo masa hotunan ranar.

Na ce masa akwai na turaka da na buhuna, zan turo. Na gaɓar kuwa ruwa ya taɓa gilashin kyamarar, ba su fito da kyau ba.

Sun fito. Amma ba zan tura su ba sai na tambayi Yaya da gidan Malam Nu'uman tukuna.