Farin Zare a Kan Farin Yadi

Zuwa ga Uwata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya maigidan naki da yaran? Ciwon kan nan ya sake ki? Ni lafiya lau, sai bayan nan nawa da zama ya cinye. Kina saman bene ina ƙasa, amma sakatariyarki ta ce ganinki sai an sa rana, shi ya sa na ɗauki biro.

Ina so in tuna miki. Daga aji uku na sakandare na fito, ba wanda ya ba ni ko allura. Keken ɗinki na haya na fara takawa a bakin titi. Ni na sayi shagon nan, ni na ɗora benen da kike zaune a kai, da ƙafar nan na taka miki kuɗin karatun zanen tufafi. Ban roƙi kowa ba.

Da kika dawo kika ce a daina surfani, a cire aljihu da maɓalli, riga ta tsaya da yankanta kawai, ban musa ba. Rigar da ba ado ba ta da inda za ta ɓoye kuskure, kuma duk gidan nan hannuna kaɗai ke kalmasar da ido ba ya gani. Sai kika sa ni a ɗakin gilashi na bakin ƙofa, cikin farar riga, masu saye suna kallona kamar kifi a kwalba. An fitar da rediyona, wai yana ɓata tsarin ɗakin. Jiya wata ta ƙwanƙwasa gilashin ta tambayi mai gadi ko tsohon na gaske ne. Ya ce mata wai sai an sa mini batir da safe. Har ni na yi dariya, don kada in yi wani abin.

Na karanta hirarki a jarida. Kin ce hasken safiya a jikin farin bango ne ya koya miki salon nan. Madalla da bango. An kuma ambaci "wani tsohon tela da ke gidan". Yanzu ga shi kin ce a cire tambarin wuyan riga, shi ma ado ne. A nan kaɗai sunana ya rage.

Na sha ɗaukar almakashina in tafi, sai in tuna in na tashi gidan ya tashi, kuma gidan ke ce. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ba kuɗi nake nema ba. A mayar da sunana cikin wuyan kowace riga, ko da farin zare a kan farin yadi. Zan iya ɗinka shi a ɓoye, ke kanki ba za ki gani ba, amma ba zan saci sunana a gidana ba. Ke za ki sauko ki ce a rubuta.

Allah ya yi miki albarka.

Ni ne mahaifinki,
mai gidan nan.