Yaya, Sun Sake Gidan Gonar

Zuwa ga Yaya Nura,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ƙanwarka Hajara ce, daga gida, nan Minna. Umma tana lafiya, ƙafar ta yi sauƙi. Na gama makaranta, sakamako ya fito, kuma ya yi kyau. Amma ba wannan ne ya zaunar da ni rubutu ba. Ɓarna na yi, kuma kai ya kamata ka fara ji, duk da cewa a shafina zan saka inda kowa zai karanta.

Gidan gonar nan na cikin wasan farautar fatalwa, wanda muke shiga a kwamfutarka duk Asabar bayan la'asar, masu kamfanin wasan sun sake masa fasali. Tsohon ya tafi. Ni ce kuma na bar shi ya tafi.

Ka tuna yadda muka fara. Kai ke riƙe da madannai, abokinka Bulus yana shigowa ta intanet daga gidansu, ni kuma ina gefe da littafi ina rubuta abin da kuka gani: ɗakin da ya fi sanyi, fitilar da ta mutu, ƙofar da ta motsa da kanta. Daga nan ake gane wace irin fatalwa ce a gidan. In ta fito farauta sai ƙofar waje ta kulle, kowa ya nemi maɓoya ya yi shiru, don tana jin muryar mutum. Ni ban iya shirun ba. Ka ce, "Hajara, ke ko fatalwa kurma ce sai ta gano ki."

Kai ka sa wa ɗakunan sunayen unguwanni da garuruwan yankin Minna, don Bulus ya daina tambayar wane ɗaki. Kicin ya zama Barkin Sale, saboda matsi, kowa na karo da kowa kamar keke da mashin. Ɗakin ajiyar fartanya da buhuna ya zama Beji. Ɗakin can ƙarshe a sama kuma Maikunkele, inda filin jirgi yake, ka ce duk wanda fatalwa ta rutsa a can sai dai ya tashi sama kamar jirgi. Ɗaki bakwai, suna bakwai.

Da ciwo ya kwantar da kai, sai ka miƙo mini madannan. Kana kwance, idonka a rufe, kana yi mini jagora ba ka ko kallon allo. "Miƙe. Hagu. Kada ki gudu, malama mai lissafi, kabad ɗin ba zai gudu ba." Daga ƙofar shiga zuwa kabad ɗin da nake ɓuya, taku goma sha ɗaya ne. Na ƙirga sau da yawa, bai taɓa canzawa ba.

Shekara ɗaya da wata biyu ke nan da rasuwarka. Wata biyar bayan haka Bulus ya gaya mini an sanar za a sake taswirar gidan. Na bincika da kyau, na gane cewa muddin kwamfutarka ba ta taɓa intanet ba, tsohon gidan zai zauna a cikinta yadda ka bar shi. Na rubuta a takarda da manyan baƙaƙe, KADA A HAƊA DA INTANET, na manna a murfinta. Duk Asabar ina shiga ni kaɗai. Ba na farautar komai. Ina dai zagayawa ne, daga Barkin Sale zuwa Beji, in hau sama, in sauko, in fita.

Ranar Talatar da ta wuce nake rajistar bautar ƙasa. Shafin ya ƙi buɗuwa a wayata, shagon intanet na bakin titi kuma layi har waje. Sai na ɗauko kwamfutarka. Ba da ka na yi ba, Yaya. Na san manhajar wasan tana buɗe kanta da zarar an kunna, don haka ka saita ta. Na rufe ta tukuna, na duba sau biyu, sannan na haɗa da wayata.

Ina tsakiyar cike fom aka ɗauke wuta. Ka san batirin nan ba ya riƙe ko minti ɗaya. Da aka dawo da ita na kunna a gigice, tsorona kada abin da na cike ya ɓace. Kwamfutar ta koma kan intanet da kanta, manhajar ta buɗe a baya, ni kuwa hankalina yana kan ranar haihuwata, ina duba ta karo na uku kada in yi kuskure. Na ma lura intanet ɗin ya yi nauyi, na ɗora laifin a kan kamfanin waya. Ban yi kuskure ko ɗaya a fom ɗin ba. Da na gama na rufe shafin, sai ga saƙo a ƙasan allo cewa an kammala sabuntawa.

Na nemi hanyar komawa, kwana biyu ina nema. Babu wadda na amince ba za ta lalata sauran abin da ka bari a ciki ba.

Jiya Asabar na shiga tare da Bulus, bari in gaya maka abin da suka yi. Matakala ta bar tsakiyar gida ta koma gefen dama. Sun rushe bangon Barkin Sale sun haɗa shi da ɗakin cin abinci, yanzu fili ne fetal, ko mutum huɗu ba za su yi karo ba. Beji sun fitar da shi waje gaba ɗaya, ya zama rumfa a bayan gida. Akwatin wuta da muke zuwa gyarawa ya bar inda yake. Ƙaramin ɗakin nan na ƙarƙashin matakala babu shi kwata-kwata.

Gaskiya ɗaya ce, sabon ya fi kyan gani. Katakon kamar ka taɓa, labule yana motsi, har ƙura ana gani a hasken tocila. Amma wa ya roƙe su? Me zai hana su gina sabon su bar tsohon a gefe ga mai so? Mutum ya haddace gida ɗaki-ɗaki, a wayi gari a ce masa an gyara, ya yi murna.

Da fatalwar ta fito, ƙafata ta yi abin da ta saba. Miƙe, hagu, taku goma sha ɗaya. Bango na tarar. Na tsaya a nan har ta iso ta kama ni. Bulus ya ce da Hausarsa, "Hajara, kai ka tsaya gaban bango kamar mai jiran keke!" Ya fara dariya, sai kuma dariyar ta katse.

Bayan mun fita sai na ɗauko takarda, muka zauna a waya muna zana tsohon gidan tun bai gushe mana ba. Bango da ƙofofi ba su ba mu wahala ba, akwai bidiyon mutane da yawa da suka yi wasan a da, na gwada zanena da nasu ya yi daidai. Sunayen ne babu su a bidiyon kowa. Littafina ma bai taimaka ba, lambobi na riƙa sa wa ɗakunan, wai don ya fi tsari. Shida mun yarda a kansu. Na bakwai, ƙaramin ɗakin ƙarƙashin matakala, Bulus ya rantse Kpakungu ka sa masa. Ni kuma kunnena yana jin ka kana cewa Chanchaga. Ya ce in rubuta ɗaya kawai, ai ba jarrabawa ba ce.

Ka san ni, Yaya. Ba na rubuta abin da ban tabbatar ba. Mutum ɗaya ne ya san amsar, kuma ba ya inda zan tambaye shi. Na bar wurin fili, haka zai zauna.

Ka yafe mini. Ka bar mini abu a hannu, na tsare shi daga kowa, ban tsare shi daga kaina ba. Na san da kana nan dariya za ka yi mini, ka ce in tashi in ci abinci. Ita dariyar ce nake nema.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya yalwata maka shi. Ya ba Umma haƙuri, ni ma ya ba ni. Ya sada mu a gidan da ba a sake masa fasali. Amin.

Ƙanwarka mai kewarka,
Hajara