Wanda Zai Fara Sha a Rijiyar Lausu

Rano, bayan kaka, 1960

Zuwa ga Yayana Ƙasimu a Jos,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Yaya Jumai da yara, ya kuma raba ku da sharrin sanyin garin nan naku. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma daka, an shigo da dawa, gyaɗa ce dai bana ba ta yi abin kirki ba. Akuyarka mai cin igiya ta haifi biyu, kuma wallahi halin uwar suka ɗauko.

To Yaya, maganar Baba ce ta zaunar da ni rubutu. Direban da ya zo daga wajenku ya ce wai kana shirin zuwa Kano ka roƙi wani babba a maida Baba kan aikinsa. Dakata ka ji yadda aka yi tukuna, don na san rabin labari aka kai maka.

Ka san tun muna yara Baba ke duba rijiyoyin hukumar En'e daga Rano har Kibiya. Shi ke cewa a buɗe, shi ke cewa a rufe, shi ke raba wa mata da masu shanu lokacin ɗiba. Ka kuma san al'adarsa, ba ya buɗe rijiya sai an cika ƙoƙo ya sha a gaban kowa. To da daminar nan gefen rijiyar Lausu ya tsage, ruwan marina ya riƙa tsiyaya ciki, yara suka kama gudawa. Baba ya sa murfi da kwaɗo, ya ce sai an yashe an liƙe. Ana nan sai 'yan wata jam'iyya suka shirya taro a Lausu, suna so su nuna wa baƙi rijiyar a matsayin aikinsu. Suka aiko wai ya buɗe ko na yini ɗaya ne. Ya ce ba zai iya shan ruwan ba, don haka ba zai buɗe ba. Shi ke nan fa, aka ce ɗan ɗaya jam'iyyar ne. Baban da har yau rikita sunayensu yake yi! Aka yi ta ja a majalisar En'e, wasu na cewa a bar shi, wasu na cewa a ba Malam Shitu mai awon hatsi, surukin sakataren jam'iyya. Ƙarshe dai Malam Shitu aka ba, Baba ya miƙa makullai ya ce Allah ya taya shi riƙo.

Ranar taron ina Lausu a gidan Gwaggo Saude, da idona na gani. Malam Shitu ya sha sabuwar babbar riga, ya buɗe kwaɗo, aka yi tafi. Amma ba wadda ta jefa guga. Sai Gwaggo ta janyo ruwan da kanta, ta cika ƙoƙo, ta durƙusa ta miƙa masa, ta ce su dai abin da suka sani, wanda ya buɗe shi ke fara sha. Yaya, ruwan nan har wani shuɗi-shuɗi yake yi. Malam Shitu ya dube shi, ya dubi manyan baƙin da ke kan kujeru, sai ya ce ai azumin nafila yake yi. Ranar Laraba fa! Gwaggo ta ce madalla, Allah ya karɓa, ba sauri suke ba, sai ya yi buɗa-baki da shi. Ta shimfiɗa tabarma a gindin rijiya ta aje ƙoƙon a gabanta. Mata suka zazzauna, Fulani ma suka tsaya da shanunsu. Manyan suka gama jawabi, la'asar na yi suka shige mota. Da aka kira magariba Malam Shitu ya tashi, ya maida murfi da hannunsa, ya datse kwaɗon. Ba wanda ya yi masa dariya, ni kaɗai ce na toshe baki da mayafi.

Washegari da safe sai ga shi a zaurenmu. Baba ya shimfiɗa masa buzu, ya faɗa masa masu yasar rijiya na kirki a Zurgu. Yanzu an yashe an liƙe, kuma Malam Shitu ya sha a gaban jama'a, har ya nemi ƙari.

Aikin dai bai dawo ba, kuma ba zan ɓoye maka ba, abin yana cin Baba. Kullum da safe sai ya goge kekensa, ya tsaya yana dubansa, sannan ya jingine ya ɗauki fartanya. Amma da na gaya masa shirinka, sai ya ce in rubuta maka ka yi zamanka. Ya ce duk wanda aka roƙa ya maida shi, gobe shi zai zaɓa masa ruwan da zai sha, kuma shi Baba ba zai iya ce masa yana azumi ba.

Ka gaida Yaya Jumai, da Alu, da Hadiza mai kuka. Inna da Baba suna sa maka albarka. Gwaggo Saude ta ce in ka zo ka biyo ta Lausu, ƙoƙon yana nan.

Ƙanwarka,
Ramlatu