Haɓar Maigidana da Audugar Sajan

Zuwa ga Alhaji,
Mai kamfanin masu gadi da maigidana yake wa aiki,
Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan Alhaji yana lafiya, da Hajiya da yara, da kuma gemun Alhaji, wanda duk Zango ta shaida ba shi da na biyu wajen gyara da sheƙi. Ban ambaci sunanka ko na kamfani ba, domin ka san kanka, matan masu gadinka da za su karanta wannan ma sun san ka. Ni matar ɗaya daga cikinsu ce, wanda yake tsaron ƙofar wani sito a Krofrom.

Ranar da rayuwata ta juya wata Litinin ce, ranar da ya fara aiki a wurinka. Da safe na raka shi bakin ƙofa da sajensa kwantacce, baƙi wuluk, ya zagayo har haɓa. Da yamma wani mutum ya yi sallama a ƙofar ɗakina, na ja mayafi na ce maigidan ba ya nan. Sai da ya yi dariya na gane shi.

Alhaji, ni mai karatun littattafan soyayya ce, ba na ɓoyewa. Na takarda da 'yan kasuwa suke zuwa da su daga Kano, da na cikin waya, duk ba na bari. Kowane jarumi a cikinsu yana da abu uku: mota, da kamfani, da saje. Da na tashi aure na san mota da kamfani ba su shigo layinmu neman irina ba, amma Allah ya ba ni kashi ɗaya cikin ukun, na gode masa. Shi ɗin kuma ka karɓe a wuni guda. Na yi kuka na share hawaye, domin aiki ya fi saje, a littafi ne kaɗai ake cin soyayya a ƙoshi. Abin da ya biyo baya ne ya sa na ɗauki biro.

Na ɗaya, rezar kamfani. Dokarka ta ce kowane mai gadi ya yi aski kullum, kamfani kuma yana ba shi reza ɗaya ta kai shi mako. A jikin takardarta akwai hoton zaki, dabbar da tun da aka halicce ta ba ta taɓa yin aski ba. Ranar farko wannan reza yanka take yi kamar ta zo layya. Kafin tsakiyar mako ta dakushe, sai ta koma figa, irin yadda muke fige kaza. Maigidana kuwa gashin haɓarsa murɗaɗɗe ne, fatarsa ba ta son wahala. In aka aske shi ƙwal, gashin ba ya fitowa waje, lanƙwashewa yake ya koma cikin fata ya yi ƙurji. Washegari reza ta bi ta kan ƙurjin ta fasa shi. Yau in ka ga wuyansa sai ka rantse bayan abarba ne. Ni nake wanke farar rigar da kuka ba shi, na san abin da nake cuɗawa a wuyanta. Surukata ta zo ta tsare ni da ido ta ce, "Ke, me kike ba ɗana yake ci?" An hana shi gyaɗa, an hana shi ƙwai, an hana ni sa mai a miya. Zaki yana nan lafiya, ba wanda ya tuhume shi.

Na biyu, kada a ce mun zauna ba mu nemi mafita ba. Abokansa makanikai na Suame sun ba shi maganinsu, man birki a 'yar kwalba, wai yana busar da ƙurji. Na same shi a bayan ɗaki yana tsalle yana salati, fatar ta ƙone ta yi baƙi. Daga ranar na karɓi askin a hannuna. Na taɓa karanta inda amarya take gyara wa ango fuska a gaban madubi, turare yana tashi, yana kallonta yana murmushi. Nawa angon a kan kujerar tsuguno yake zama, ya damƙe gwiwata, ya rufe ido kamar za a cire masa haƙori.

Na bi masu tebur na bakin titin Sofoline ɗaya bayan ɗaya ina sayen reza kala-kala. Akwai mai kaifin tsiya da take kwashe fata tare da gashi. Akwai wadda tun a takarda ta dakushe. Akwai ta roba mai baki uku da mai tebur ya rantse mini ita Turawa suke amfani da ita, ita ta fi kowacce tura gashi cikin fata. Da ƙyar na samu wata mai sauƙin baki, mai zamewa ba ja. Wata ma'aikaciyar asibiti a layinmu ta koya mini sauran: a gasa fuska da tawul mai ɗumi, a yi kumfa da alata samina, wato sabulun salo, a bi yadda gashi ya kwanta kada a tare shi, a wuce sau ɗaya kada a koma, a shafa man kaɗanya, a sauya reza tun ba ta dakushe ba, a kuma bar fata ta huta tsakanin aski da aski. Alhaji, wallahi ƙurajen sun fara kwanciya. Har na fara ganin alamar mutumin da na aura.

Na uku, kuma shi ne babba, audugar Sajan. Ko da yake kai ka ɗauke shi aiki, bari in gabatar maka da shi, don ban ga alamar kana zuwa faretin safe ba. Tsohon soja ne da yake duba masu gadi kafin a raba su wuraren aiki. Yana tafe da dunƙulen auduga a aljihu. Ranar da ya ga dama sai ya tsaya gaban mutum, ya goga masa ita a haɓa daga ƙasa zuwa sama. In zare ɗaya ya maƙale, ba ka yi aski ba ke nan. Askin lallami irin nawa yana barin ɗan kaushi da ido ba ya gani, amma auduga tana gani. Sai Sajan ya zaro rezar zaki daga ɗaya aljihun ya ce, da irin kiran da yake wa kowa, "Massa, je famfo." A nan gaban jama'a magidanci zai tsuguna ya kankare fuskarsa da ruwan sanyi, ba sabulu, ba madubi. Aikin da na yi na makonni ya rushe kafin rana ta ɗaga.

Ga inda hikimar kamfaninka ta fi ƙarfin karatuna. Ƙurji ma yana kama auduga. Ɓawon ciwo ma yana kamawa. Wato in bai kankare ba auduga ta kama gashi, in ya kankare ta kama ƙurji, hukuncin duka biyun kuma shi ne ya sake kankarewa. Na karanta mugaye iri-iri a littafi, masu asiri da masu sace amarya ranar ɗaurin aure, ban taɓa cin karo da marubucin da tunaninsa ya kai nan ba.

Na huɗu, amsarka. Maigidana mutum ne mai haƙuri har ya yi yawa, sai da na matsa ya je ofishinka. Ya ce ka saurare shi da kyau, kana shafa gemu daga sama har ƙasa, sannan ka ce masu ba ku kwangila sun fi son ganin fuska tas. To ni dai ban taɓa jin ɓarawon da ya hau katanga, ya leƙa haɓar mai gadi, ya ga santsi, ya tsorata ya koma ba. Kuma in fuska tas suke so, ka tambaye su ko abin da suke gani a ƙofar sitonsu yanzu shi ne tas ɗin. Malamin makarantar layinmu ya ce zai rubuta maka ta fuskar addini. Na ce ya bari, Alhaji ya je Makka ya dawo, ya fi ni sani. Ni maganar fata na kawo, fatar da take zubar da jini.

Makon nan Sajan ya faɗa masa, in auduga ta sake kamawa ranar Litinin, ya ajiye kaki ya tafi gida.

Ga roƙona, Alhaji. A bar masu irin wannan fata su rage gashi da injin aski ko almakashi, gajere, tsaf, ba sai an kai ga nama ba. Ba mijina kaɗai ba ne, ka sa su ɗaga kai a fareti ka duba wuyansu. Wanda zai iya aski kuma a bar shi ya zaɓi rezar da ta dace da fatarsa, a ba shi hutu tsakani. A karɓe audugar nan daga hannun Sajan a kai asibiti, can ne aka san amfaninta. In kuwa Alhaji yana ganin na zuzuta, abin gwaji ne: ya ɗauki reza ɗaya daga kwalin rezar kamfani, ya bi dokar da ya kafa na mako guda, Sajan ya riƙa duba shi da safe. Ni da kaina zan aiko da man kaɗanya.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya da buɗi, ya tsare dukiyar da ake ba shi amana, ya sa tausayin na ƙasa da shi a zuciyarsa, ya haɗa shi da masu faɗa masa gaskiya. Amin.

Abin da yake sa maigidana tsugunawa a bakin famfon nan shi ne ya san albashinsa kaɗai ne yake riƙe da ɗakinmu. Jiya na je wurin Iyata na karɓi tukunyar kokonta da wurin zamanta a bakin titi, gobe da safe zan fara fita sayarwa. Reza ba za ta sake hawa fuskarsa ba sai ta warke. Ranar Litinin zai zo fareti yadda yake.

Wassalam.

Matar mai gadin sito,
Zango, Kumasi.