Ba Komi Bisa Gilashin

Daren Talata, Argungu

Yau na yi wa 'yan aji uku darasin ƙwayoyin halitta. Na ɓare fatar albasa, na kai hannu bisa gilashin da ake ɗora ta, na leƙa madubin ƙara girma ina bayani: ga su jere kamar tubali, kowace da bangonta, ta dabba kuwa ba ta da bango. Sai ɗaliba Hadiza ta ce, "Malam, ba komi bisa gilashin, fatar na nan ga yatsanka."

Da ka nake faɗa. Tun bara dishi-dishi nake gani, ban gaya wa kowa ba.

Gobe sufeto zai zo daga Sakkwato, mutumin da ni na koya wa riƙon alli. In ya ji, sai ritaya. Ajin duka ya gani. Bakin wa zan rufe?