Wa Zai Ba da Waƙa

Lahadi, 2 ga Yuni
Yau Fasto ya sanar cewa daga mako mai zuwa cocin bayan kasuwa zai haɗe da namu. Mai gidan da suke haya ya karɓe ɗakinsa, mu kuma rabin bencinanmu gizo-gizo ne ke sujada a kai. Haɗin ya yi daidai. Sai dai mai ba da waƙa ɗaya ake so, dattawa za su zaɓa ƙarshen wata. Ko ni, ko tsohuwarsu, wata ungozoma da ta daina aiki. Ko a jikina. Tun da sauran gashi a kaina nake ba da waƙa a cocin nan.

Laraba, 5 ga Yuni
Uwar yara ta ce in rage cika baki, in duba wuyan rigar da nake ɗinkawa, ya karkace. Ya karkace ɗin kuwa.

Lahadi, 9 ga Yuni
Sun zo, coci ya cika har ƙofa, abin ya yi mini daɗi. Aka ba Ungozoma waƙar buɗewa saboda baƙunta. Ikon Allah! Sai ta faɗi layi ɗaya da baki kamar mai ba da saƙo, jama'a su rera, ta tsaya, ta faɗi na gaba. Haka har baiti biyar. Mai gangarmu ya ajiye sanduna ya naɗe hannu. Bayan an tashi na ce mata, "Mama, ai akwai littafin waƙa a kowane benci." Ta ce, "Na gan su, ɗana." Shi ke nan amsar.

Alhamis, 13 ga Yuni
Gwajin waƙa. Mawaƙanmu duk suna bayana. Mai ganga ya rantse in aka zaɓe ta zai koma share coci.

Lahadi, 16 ga Yuni
Yau ni na bayar. Ganga ta yi magana, rufin kwano ya amsa, ko tuntuɓe ban yi ba. Mutanensu sun yi ta tafi, amma yawancinsu baki a rufe. Za su koya. Wanda ya shigo gidan mutane ai shi ke koyon inda ake ajiye takalmi.

Lahadi, 23 ga Yuni
Makon Ungozoma ne, sai na sauko na zauna kusa da Inna don kada fuskata ta tona mini asiri a gaban jama'a. Mahaifiyata ta daɗe da daina waƙa a coci, tana cewa ƙirjinta ke ciwo, ni kuma na yarda. Ana shiga baiti na biyu na ji wata siririyar murya a gefena, tana rawa amma ba ta kauce ba. Inna ce. Littafi a rufe a cinyarta, ta karkata kunne tana jiran a faɗi layi ta kama. Ta rera har ƙarshe.

A hanya na ce, "Inna, ashe ƙirjin ya warke?" Ta ce, "Ƙirjina lafiya lau. Ido ne ya daina ganin rubutun, kai kuma ba ya riƙewa kamar da. Ban so in rage maka gudu ba."

Kunya ta kama ni.

Talata, 25 ga Yuni
Ban yi ɗinkin kirki ba yau.

Lahadi, 30 ga Yuni
Dattawa sun zaɓe ni. Na faɗa tun farko.

Waƙar rufewa tawa ce. Na ɗaga hannu zan ba mai ganga alama, sai na ji bakina ya faɗi layin farko, a hankali, yadda na baya za su ji. Na tsaya, suka rera. Na faɗi na biyu. Mai ganga ya yi ta hararata. Na ce masa maƙogwarona ne ya bushe, ina bukatar wurin numfashi, kuma akwai gaskiya a ciki.

Ungozoma ta tare ni a ƙofa ta ce na yi hanzari a baiti na uku, tsofaffi ba su gama haɗiye yawu ba na wuce. Na ce ta zo gwajin waƙa ranar Alhamis. Ba wai koya mini za ta yi ba. Kujerun ne sun yi yawa.

Ban kalli wajen Inna ba sam. Amma na ji ta.